Sai Masu Gida: Kofin 2008 da Amsar da Kano Pillars Ta Bayar a Alkahira

Masu gidajen kallon ƙwallo a Kano sun ci kasuwa a watan Mayun 2008. Ranar 17 ga wata Nwankwo Kanu ya ci wa Portsmouth ƙwallo ɗaya tilo a ragar Cardiff City a filin Wembley, suka ɗauki kofin FA na Ingila. Bayan kwana huɗu sai ga Manchester United da Chelsea a Mosko, ana ruwa, har aka kai ga bugun fenareti, santsi ya kwashe John Terry ya ɓarar da bugun da zai ba Chelsea kofin Zakarun Turai. A Tudun Murtala, da Gama, da Tudun Wada, da Dakata, an kwana ana musu a bakin teburin mai shayi, janareto na ta ƙugi a bayan rumfunan kwano, 'yan acaɓa na zagaya layuka suna danna oda.

Kafin watan ya fita aka sami kofi na uku, wanda ba sai an kafa tauraron ɗan'adam za a gan shi ba. Kano Pillars ta lashe gasar Firimiyar Nijeriya ta kakar 2007/2008, karo na farko tun da aka kafa ta. Heartland ta Owerri ce ta zo ta biyu, Bayelsa United ta uku. Rabon da wata ƙungiya daga Kano ta zama zakaran Nijeriya, shekara talatin cif.

Sai dai tun ba a sauke tutocin murna ba aka fara gunaguni, musamman a jaridun Ikko da bakin magoya bayan ƙungiyoyin kudu, har ma da wasu 'yan Kano da suka riga suka sallama wa ƙwallon Turai: wai wannan kofin gida ne, an tara makinsa a Ƙofar Mata, inda baƙo ba ya cin wasa. Tarihin kakar 2008 ba ya cika sai an bi wannan zargi har inda aka amsa shi, kuma ba a Kano aka amsa shi ba.

Kano ba baƙuwar kofi ba ce. Tamaula ta kafu a garin tun zamanin Turawa, a makarantu da barikin soja da tsakanin ma'aikatan jirgin ƙasa da na kamfanoni a Sabon Gari. A 1953 zaɓaɓɓun 'yan wasan Kano suka je Ikko suka doke Lagos Dynamos da ci 2 da 1 a wasan ƙarshe na kofin da daga baya aka fi sani da Kofin Ƙalubale. Tun da aka fara gasar a 1945, wannan ne karo na farko da kofin ya bar Ikko. Kano ta sake zuwa wasan ƙarshe a 1954 da 1955, Kalaba ta hana ta a na farko, Fatakwal a na biyu.

Sai zamanin Raccah Rovers, wadda har gobe in aka ambace ta dattawan Fagge da Brigade kan gyara zama. A 1977 ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, IICC Shooting Stars ta Badun ta tafi da shi. A 1978 ta lashe gasar ƙasa, a lokacin da Rangers ta Inugu da IICC da Bendel Insurance ke raba kofuna a tsakaninsu. A watan Afrilun wannan shekara ne ma Raccah ta kara da Fluminense ta Burazil a filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna, Pele da kansa ya sa rigar baƙin ya taka leda. Ɗan wasanta Shefiu Mohammed yana cikin tawagar Green Eagles da ta ci kofin Afirka a Ikko a 1980. Daga nan abin ya yi ta ja da baya, kafin shekarun 1980 su ƙare ƙungiyar ta watse.

Da aka zo fara gasar ƙwararru a 1990, Kano na da ƙananan ƙungiyoyi, amma babu wadda za ta iya tsayawa ita kaɗai. Sai aka narkar da uku wuri guda: WRECA ta hukumar ruwa, da Kano Golden Stars, da ƙungiyar Bankin Arewa. Alhaji Ibrahim Galadima, wanda daga baya ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, yana gaba-gaba a wannan haɗi. Aka raɗa mata Kano Pillars, gwamnatin jiha ta ɗauki nauyinta, aka ba ta riga ruwan ɗorawa da kore. Shekara ɗaya kacal da kafuwa ta kai wasan ƙarshe na kofin FA, wato Kofin Ƙalubale, a 1991, El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta doke ta da ci 3 da 2.

Daga nan sai jira. Ƙungiyoyin arewa sun yi ta ɗaukar kofin FA nan da can: Wikki Tourists ta Bauci a 1998, Plateau United a 1999, Niger Tornadoes a 2000. Katsina United ta je wasan ƙarshe sau uku a jere, daga 1995 zuwa 1997, ba ta dace ko sau ɗaya ba. Amma kofin gasar ƙasa, wanda sai an shekara ana gumurzu, iyakarsa Binuwai: BCC Lions ta Gboko a 1994, Lobi Stars ta Makurɗi a 1999. Da aka shiga sabon ƙarni kuwa sai Enyimba ta Aba ta hau kai ta zauna, ta ci a 2001, 2002, 2003, 2005 da 2007. Shekaru biyun da ta saki, Dolphins ta Fatakwal da Ocean Boys ta Bayelsa ne suka tsinta. Pillars na fitar da 'yan wasa, irin su Ahmed Garba Yaro Yaro da Sani Kaita wanda ya wuce Sparta Rotterdam bayan gasar matasa ta duniya ta 2005, amma kabad ɗinta wayam.

Abu ɗaya ta mallaka a waɗannan shekaru, shi ne gida. A watan Yunin 2003 Julius Berger ta Ikko ta zo Kano ta ci wasa. Daga ranar babu wata ƙungiya da ta sake zuwa ta doke Pillars a gidanta a gasar ƙasa sai a watan Agustan 2015, lokacin da Nasarawa United ta yi nasara da ci 2 da 1. Wasa 202 ke nan a jere, shekara goma sha biyu. Yaron da aka haifa a Tudun Murtala a makon da Berger ta ci wasan nan, sai da ya gama firamare kafin ya ji an ce an ci Pillars a gida a gasar ƙasa.

Wanda bai taɓa shiga filin Sani Abacha ranar wasa ba, da wuya ya gane yadda hakan ta yiwu. Tun bayan azahar samari ke fitowa daga unguwanni. Daga Tudun Murtala a wancan lokaci ɗan acaɓa ne ke kwasar mutum biyu, wani lokacin uku, ya ratsa Gwagwarwa da Sabon Gari da Fagge, ya sauke su a Ƙofar Mata, daura da karofin da masu rini suka shekara ɗaruruwa suna aiki. Masu rake da masu ruwan leda da masu tallar tutoci sun riga sun kama wuri. Kafin ƙarfe huɗu benaye sun cika, masu ganga da kalangu sun ɗauka. Mai gabatarwa ya ce Pillars, dubban baki su amsa: Sai Masu Gida! Ɗan wasan da ya kwana biyu a mota daga Fatakwal, ya fito cikin zafin Kano na watan Afrilu ko ƙurar hunturu da ke busar da maƙogwaro, ya tarar da wannan, tun kafin a busa usur an ci shi rabi.

A kan wannan tushe aka ɗauko Kadiri Ikhana ya zama koci. Ikhana ba ƙaramin kamu ba ne. Yana cikin 'yan wasan Bendel Insurance da suka lallasa Rangers da ci 3 da nema a wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale a 1978, wato shekarar da Raccah ta ci gasar ƙasa. Yana cikin tawagar 1980 tare da Shefiu Mohammed. A 2003 kuma shi ne ya ja Enyimba ta doke Ismaily ta Masar ta ɗauki kofin Zakarun Afirka, abin da ƙungiyoyin Nijeriya suka yi kusan shekara arba'in suna nema, hukumar CAF ta zaɓe shi gwarzon koci na shekarar. Mutum ne mai tsauri, marar ɓoye abin da ke ransa, kuma ya san hanyar cin kofi a Nijeriya ciki da bai.

Tawagar da ya samu gauraye ce, kamar garin da take wakilta. Akwai 'yan gida da suka taso a filayen unguwa, irin su Gambo Mohammed da Bello Musa Kofarmata, wanda bai daɗe da dawowa daga gasar matasa ta duniya ta 2007 a Kanada ba. Akwai kuma waɗanda suka zo daga wasu jihohi Kano ta riƙe su, irin su gola Theophilus Afelokhai, wanda ya shekara da shekaru a ragar Pillars har ya zama kyaftin. A filin Ƙofar Mata ba a tambayar ɗan wasa garinsu ko addininsa in dai yana cin ƙwallo ko yana hana a ci. A birnin da ya sha ganin fitina, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Yanzu ga lissafin da masu cewa kofin gida ne ba su cika son yi ba. Ƙungiyoyi 20 ne a gasar, kowace ta buga wasa 38, 19 a gida, 19 a waje. Nasara maki uku ce, canjaras maki ɗaya. Ko da ƙungiya ta cinye wasanninta na gida kakaf, maki 57 ta tara. To amma a Nijeriyar wancan lokaci ba Pillars kaɗai ke cinye wasan gida ba. Enyimba ma haka take a Aba, Heartland a Owerri, Rangers a Inugu, Bayelsa United a Yenagoa, har ƙungiyoyin da ke tsakiyar teburi. In kowa ya tashi da hamsin da wani abu daga gidansa, to abin da zai raba zakara da na biyu shi ne ɗan abin da aka tsinto a hanya: canjaras babu ci a Makurɗi, ɗaya da ɗaya a Gombe, nasara guda da aka sato a wani fili a minti na tamanin da biyar. Gida yana hana ka faɗuwa. Kofi kuwa a waje ake samo shi, ko a gasar da aka ce ba a cin wasan waje.

Kuma hanyar ba ta wasa ba ce. Babu jirgin sama a lissafin. Bas ce za ta tashi daga Kano, ta bi Zariya, Kaduna, Abuja, Lokoja, ta gangara kudu, tafiyar da kan haura kilomita dubu in Fatakwal ko Yenagoa aka nufa. A isa da kumburarrun ƙafafu, a kwana a masaukin da aka samu, a buga wasa a filin da rabinsa ciyawa rabinsa turɓaya, a juyo a daren ko da asuba domin akwai wani wasan ranar Laraba ko Lahadi. Haɗarin hanyar ya fito fili daga baya, a watan Maris na 2015, sa'ad da 'yan fashi suka buɗe wa motar Pillars wuta a hanyar Lokoja suna tafiya Owerri, suka raunata 'yan wasa biyar, har da Gambo.

Duk da haka, gaskiya ɗaya ce: masu gunaguni suna da abin kamawa. A tsarin wancan zamani ƙungiyar da ke karɓar baƙi ita ke ɗaukar nauyin masaukin alƙalan wasa da alawus ɗinsu. Yawancin wasanni babu kyamarar talabijin. Tsaro a filaye da yawa sunansa kawai, rafalin da ya hana fenareti a minti na casa'in ya san sai ya ratsa ta cikin jama'a kafin ya kai ga mota. Ba a Kano kaɗai ba, ko'ina haka abin yake, shi ya sa teburin gasar kan nuna ƙungiyoyin da suka shekara ba su ci wasan waje ko ɗaya ba.

Wanda ya fi kowa ƙara wa wannan magana nauyi shi ne kocin da ya ci kofin. Ana cikin shagali, Ikhana ya ba da sanarwar ajiye aiki, ya ce cin hanci da maguɗi sun yi wa ƙwallon Nijeriya katutu. Da wanda ya sha kashi ne ya faɗi haka, da an ce zafin faɗuwa ne. Amma ga mutum riƙe da kofi a hannu yana cewa gasar ba ta da tsabta. Magoya baya a Kano suka ɗauke shi da nufin irin wahalar da suka sha a wasannin waje, abokan hamayya kuwa suka ce ai ga shi nan, mai ɗaki ya faɗi inda yake yoyo. Kowa ya ja maganar zuwa inda take masa daɗi.

Abin da zai raba gardama shi ne a fitar da ƙungiyar daga hannun rafalin Nijeriya da filayen Nijeriya, a ga ko za ta tsaya da ƙafarta. Kofin 2008 ya ba ta tikitin gasar Zakarun Afirka ta 2009, karon farko a tarihinta. Aka ɗauko Ivo Sajh, Bature ɗan ƙasar Sulobeniya, ya gaji Ikhana. Pillars ta tsallake zagayen farko-farko ba tare da kowa ya damu da ita ba. Sai jadawali ya haɗa ta da Al Ahly ta Masar a zagayen da ke gab da wasan rukuni.

Ya kamata a tuna wace ce Al Ahly a 2009. Ita ke riƙe da kofin. Ta ci shi sau shida: 1982, 1987, 2001, 2005, 2006 da 2008. Shekara huɗu a jere, daga 2005 zuwa 2008, babu wasan ƙarshen da aka yi ba da ita ba, sau ɗaya kawai aka ƙwace mata, lokacin da Etoile du Sahel ta Tunisiya ta doke ta a 2007. Kocinta Manuel Jose ɗan Fotugal ne, kuma 'yan wasanta, irin su Mohamed Aboutrika da Mohamed Barakat da Wael Gomaa, su ne ƙashin bayan tawagar Masar da ke mulkin ƙwallon Afirka a lokacin, bayan kofunan 2006 da 2008. Aboutrika kuwa yana da masoya a Kano fiye da yadda shi kansa zai yi zato, tun ranar da ya ɗaga rigarsa a gasar Gana ta 2008 ya nuna saƙon jajanta wa mutanen Gaza.

Wasan farko a Nijeriya, cikin watan Afrilu, aka tashi ɗaya da ɗaya. A idon masana magana ta ƙare. Dokar gasar ta ce in jimillar ƙwallayen wasa biyu ta zo daidai, wanda ya fi cin ƙwallo a gidan abokin karawarsa shi ya wuce. Wato Al Ahly ta riga ta sa ƙwallon waje guda a aljihu, ko babu ci aka tashi a Alkahira ita ce a gaba. Ga Masu Gida kuma, an raba su da abin da aka ce shi kaɗai suka iya. A gidajen kallo na Brigade da Tudun Murtala, abin da ake tattaunawa shi ne ƙwallo nawa za a sha, uku ko huɗu.

A farkon watan Mayun 2009 aka buga wasa na biyu a Alkahira. Pillars ba ta je tsare gida kawai ba, ta zura ƙwallo biyu a ragar Al Ahly. Masarawa suka rama biyu, suka yi ta matsa lamba suna neman ta uku, ba ta samu ba. Aka tashi biyu da biyu, jimilla uku da uku, dokar ƙwallon waje da aka zaci ita za ta kashe Pillars ta juya ta kashe mai riƙe da kofi. Rafali ba ɗan Nijeriya ba ne, fili ba na Ƙofar Mata ba ne, masu kalangu suna can nesa da dubban kilomitoci. Bayan 'yan makonni Manuel Jose ya bar ƙungiyar ya tafi horar da tawagar Angola.

Da a nan aka tsaya, da sai a ce sa'a ce ta dare ɗaya. Amma aka shiga rukuni, Pillars ta faɗa tare da manyan Sudan biyu, Al Hilal da Al Merrikh na Omdurman, da ZESCO United ta Zambiya. Tafiya zuwa Sudan tana da nata ɗanɗano ga Bakano, domin hanyar tsohuwar hanyar alhazai ce, kuma har yau akwai zuriyar Hausawa masu yawa da suka yada zango a can tun zamanin tafiyar ƙafa. Victor Namo, ɗan wasan gaban da ya riƙa ci wa Pillars ƙwallaye a wannan gasa, sunansa ya shiga bakin masu sharhi a faɗin nahiyar. Da aka gama wasanni shida na rukunin, baƙuwar gasar ce a saman teburi.

Abin ban haushi, wadda ta tare mata hanya 'yar gida ce. A wasan kusa da na ƙarshe, cikin watan Oktoba, aka haɗa ta da Heartland, ƙungiyar da ta bari a matsayi na biyu a 2008. A Owerri Heartland ta yi mata ci 4 da nema. A Kano ma ta sake cin ta ɗaya mai ban haushi, jimilla biyar babu ko ɗaya. Wannan kashi na gida bai shiga lissafin wasa 202 ba, domin ba gasar ƙasa ba ce, amma waɗanda suka kalle shi ba su manta ba. Ita ma Heartland ba ta sha da daɗi ba: ta ci TP Mazembe 2 da 1 a Owerri, aka ci ta 1 da nema a Lubumbashi, dokar ƙwallon waje ta miƙa kofin ga 'yan Kwango.

Sai dai ko wannan faɗuwa tana da abin da ta nuna. Ƙungiyoyin da suka zo na ɗaya da na biyu a gasar Nijeriya ta 2008, su ne biyu daga cikin huɗun ƙarshe a Afirka a 2009. Ta ukunsu, Bayelsa United, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a ɗaya gasar ta CAF, wato kofin Confederation, a wannan shekara. Duk abin da za a faɗa game da rafali da alawus, teburin 2008 bai yi ƙarya game da waɗanda suka fi iya ƙwallo ba. Ikhana yana da gaskiya cewa gasar na da datti. Masu cewa dattin ne ya ba Pillars kofi, su ne ba su da ita.

Abin da kofin ya haifar a cikin gari ya fi saurin bayyana. Yaran da ke buga ƙwallo da yamma a filayen makarantun firamare da kangwaye a ƙaramar hukumar Nassarawa, ƙafa ba takalmi, duwatsu biyu a matsayin raga, da can sunayen Turai kawai suke raɗa wa kansu. Bayan 2008 aka fara samun mai cewa shi ne Gambo. Ƙungiyoyin unguwa suka ga cewa daga filinsu zuwa Ƙofar Mata tafiya ce da ake yi. A kakar 2009/2010 wani siririn yaro daga Jos, Ahmed Musa, ya zo ya ci ƙwallo 18, adadin da ba a taɓa kaiwa ba a gasar ƙwararru kafin shi, ya wuce VVV-Venlo ta Holan, daga can sai CSKA Mosko da Leicester City da kyaftin ɗin Super Eagles. Da ya ga dama a 2021, Pillars ya dawo. Gambo kuma kocin Super Eagles Stephen Keshi ya tafi da shi Burazil gasar Zakarun Nahiyoyi a 2013, kai tsaye daga Kano.

Kofuna suka biyo baya. Pillars ta lashe gasar a 2012 da 2013 ƙarƙashin Mohammed Baba Ganaru, da 2014 ƙarƙashin Okey Emordi, wanda shi ma ya taɓa cin kofin Afirka da Enyimba a 2004. Uku a jere, abin da kafin nan Iwuanyanwu Nationale da Enyimba ne suka yi. Zamanin Rabiu Ali ke nan, wanda Kano ke kira Pele. Kofin FA ya fi ba da wahala: a 2018 a Asaba Pillars ta ci Rangers uku da nema, aka farke duka ukun, aka doke ta a fenareti. A 2019 a Kaduna ta rama a kan Niger Tornadoes, ita ma a fenareti, kofin ya dawo Kano bayan shekara 66. Ikhana kansa ya janye fushinsa, ya ci gasar da Enyimba a 2015, ya kuma sake zuwa Kano ya horar da Pillars. A 2022 ƙungiyar ta faɗa aji na ƙasa, ta hauro a 2023.

In ana zancen Pillars a majalisun Tudun Murtala a yau, samari sun fi ambaton kofuna ukun nan na jere, domin su suka gani da idonsu. Amma a duba abin da kowanne ya yi da aka fita da shi waje. Bayan kofin 2012, AC Leopards ta Kwango Barazabil ta fitar da Pillars tun kafin rukuni. Bayan na 2013, AS Vita ta Kinshasa ta sallame ta a zagayen share fage. Bayan na 2014, Moghreb Tetouan ta Maroko ta yi mata huɗu da nema a wasan farko, zance ya ƙare. A 2019 ta ci Asante Kotoko 3 da 2 a Kano, aka ci ta 2 da nema a Kumasi. Cikin kofuna huɗu da Kano Pillars ta ci na gasar ƙasa, na 2008 ne kaɗai ya kai ta wasan rukuni a Afirka.